Toka, kanwa da darbejiya: abin da suke iyawa a gida da lambu, da inda ƙarfinsu ya tsaya

Duk wadda ta taɓa dafa miyar yakuwa ta san abin da ake yi in tsami ya yi yawa. A jiƙa 'yar kanwa, a tsiyaya ruwan a tukunya. Nan take miyar za ta taso da kumfa, launinta ya sauya, tsamin ya kwanta. Babu wanda ya kai iyayenmu mata ɗakin gwaje-gwaje, amma kumfar nan ita ce mabuɗin fahimtar yawancin haɗe-haɗen wanke-wanke da ake yaɗawa yanzu a WhatsApp da TikTok. Wanda ya gane abin da ya faru a cikin tukunyar, zai iya ware na gaske daga na bogi ba sai ya tambayi kowa ba.

Tsadar rayuwa ce ta sake tayar da zancen. Tun da kuɗin omo da sabulu da maganin feshi suka yi tashin gwauron zabi, kusan kullum sai ka ci karo da bidiyon wata baiwar Allah ta jera kwanoni a gabanta: lemun tsami, khal, bekin soda, gishiri, wani lokaci har da Hypo. Ta juye su wuri guda, kumfa ta tashi, a ce ga maganin kowace irin dauɗa. A ɓangaren masu lambu kuma a ce ka daka barkono da tafarnuwa da ganyen darbejiya ka fesa, kai da ƙwari har abada. A cikin waɗannan akwai mai aiki sosai, akwai wanda ɓarnar kaya ce kawai, akwai kuma mai iya kai mutum asibiti, amma duk da murya ɗaya ake tallarsu.

Kayan wankin da ke gidajenmu dangi biyu ne. Akwai dangin kanwa: toka, ita kanwar, bekin soda, sabulu, da babban yayansu, soda mai ƙuna da ake haɗa sabulu da ita. Akwai kuma dangin tsami: lemun tsami, tsamiya, khal, har ruwan tsamin gasara. Ita ma dauɗar iri biyu ce. Maiƙo, wato manja da man gyaɗa da kitse da gumin wuyan riga, dangin kanwa ne ke cin sa. Farin gurbin da ruwan burtsatse ke bari a cikin buta da bakin famfo, da tsatsa, da dusashewar tagulla, waɗannan sai tsami.

A fara da toka, don ita aka fi rainawa kuma ita ta fi aiki. Idan itace ko kara ya ƙone, abin da ya rage shi ne gishirin da bishiyar ta zuƙo daga ƙasa tsawon rayuwarta, galibi sinadarin farar ƙasa da kuma fotash. Fotash ɗin yana narkewa a ruwa. Wanda ya taɓa sa hannu a ruwan toka ya san yana da santsi, kuma santsin nan alama ce ta cewa ruwan ya fara cin maiƙon fatarka yana mai da shi sabulu. Haka yake yi wa tukunyar da aka soya nama a ciki. Toka da ɗan ruwan ɗumi da maiƙon da ke jikin tukunyar su suke haɗuwa su zama sabulu a nan take, ɓarɓashin tokar kuma ya yi aikin soso. Kakata ba ta taɓa ɗora tukunya a murhu ba sai ta kwaɓa toka ta shafe gindinta, don baƙin hayaƙi ya kama tokar maimakon ƙarfen. In an gama girki, ruwa kaɗan ke tafiya da shi. Sabulun salo ma ai ɗan toka ne: Yarabawa da mutanen Gana suna ƙona ɓawon ayaba ko kwasfar koko, su tace ruwan tokar, su dafa shi da man alayyadi ko man kaɗe. A marinar Ƙofar Mata a Kano da toka ake tayar da baba, a majema kuwa da ita da farar ƙasa ake tuge gashi daga fata.

Wannan na ƙarshe ya isa ya nuna toka ba abar wasa ba ce. Abin da ke cire gashin akuya daga fatarta ba zai bar tafin hannun mace lafiya ba in kullum tana tsoma shi ciki. Kaushi da tsagewar hannun masu wanke-wanke da toka daga nan suke. Sannan tukunyar alminiyam, wadda ita ce a yawancin gidaje yanzu, ba ta shiri da ruwan toka ko na kanwa mai ƙarfi. A goge a ɗauraye babu laifi, amma in aka bar ta ta kwana a ciki sai ta yi baƙi, a hankali ta fara ƙuraje. Akwai kuma wani abu da kakata ba ta sha fama da shi ba: murhun zamaninta itace da kara kawai yake ci. Na yanzu da leda ake hura shi, wani har da tsohon takalmin roba da katakon da aka yi wa fenti. Irin wannan tokar ba ta dace da kwanon abinci ba, ba ta dace da lambu ba.

Tsami aikinsa ya fi sauƙin gani. Butar shayin da cikinta ya yi fari kamar an shafa alli, a matse lemun tsami uku ko huɗu a ruwa, a tafasa, a bari ya huce, sai gurbin ya saki da kansa. Tsatsar da ta kama farar riga, lemun tsami da gishiri a shanya a rana. Tsamiya a jiƙa a goge tagulla ta dawo da ƙyallinta. Abin lura ɗaya ne: gurbin cikin butar nan da siminti da tarazo da dutsen marmara duk 'yan gida ɗaya ne, dangin farar ƙasa. Tsamin da ya narkar da na buta zai ci daɓen ɗaki da simintin da ke tsakanin tayil in aka mai da shi abin gugar kullum.

To yanzu a koma tukunyar yakuwa. Idan kanwa tana kashe tsami, me ake samu in an zuba khal a kan bekin soda? Kowanne ya kashe ɗan'uwansa. Kumfar da ke burge masu kallo iska ce, irin wadda ke tashi in an buɗe lemon kwalba. Abin da ya rage a kwanon bai wuce ruwa mai ɗan gishiri ba. An sayi abu biyu masu amfani, an haɗa su, an samu abin da bai kai ko ɗayansu ba. Wanda ke son ya gani da idonsa ya zuba ruwan kanwa a cikin zoɓo: jan zai juye ya koma duhu, in ya matsa lemun tsami ya dawo ja. In tukunya tana da maiƙo da gurbi a lokaci guda, sai a yi su bi da bi. A fara da toka ko sabulu, a ɗauraye, sannan a bi da tsami.

Wannan asarar kuɗi ce kawai. Haɗin da ke da hatsari shi ne wanda aka sa bilic a ciki, Hypo ko Jik ko kowanne iri. Bilic in ya haɗu da tsami, ko khal ne ko lemun tsami ko ruwan wanke masai mai asid, yana sakin iskar kulorin, wadda aka yi amfani da ita a matsayin makami a Yaƙin Duniya na Ɗaya a ƙasar Beljiyam a 1915. A ƙaramin banɗaki mai ƙaramar taga, mace tana duƙe tana guga, ba sai ta yi yawa ba za ta fara tari da hawaye da toshewar ƙirji, balle in mai asma ce. Fitsarin da ya taru ma yana tayar da wata iska mai cutarwa in aka kwara masa bilic, shi ya sa ake fara kora shi da ruwa. Abokin haɗin bilic ruwa ne kawai.

Sai soda mai ƙuna. Sana'ar haɗa sabulun ruwa da na wanki ta shiga gidaje da yawa, kuma ta rufa wa mata da dama asiri. Amma ruwan soda fari ne tas, ba shi da wari, kuma sau da yawa a robar lemo ko ta ruwan sha ake ajiye shi. Yaro mai ƙishirwa ba ya tambaya. Kurɓa ɗaya tana ƙona maƙogwaro, ƙunar da in ta warke take tsuke hanyar abinci, yaro ya shekara yana zaryar asibiti. In tsautsayi ya gitta, al'adar nan tamu ta ɗura manja ko sa yatsa a baki don a yi amai ƙara ɓarna take yi, don abin zai sake bi ta inda ya ƙona. Asibiti ake nufa kai tsaye.

Akwai bambancin da masu bidiyo ba sa faɗa, tsakanin wankewa da kashe ƙwayar cuta. Sabulu da toka suna ɗaga dauɗa da ƙwayoyin da ke cikinta, ruwa ya tafi da su, kuma a ranakun lafiya wannan ya wadatar. Hukumar Lafiya ta Duniya ma ta ce inda babu sabulu a wanke hannu da toka, ya fi a bar shi haka. Amma in amai da gudawa ya shigo unguwa, kamar yadda yake yi mana kusan kowace damina, lemun tsami da khal ba su da ta cewa. Ma'aikatan lafiya da ruwan kulorin suke aiki, mai ƙarfi uku: kashi 2 cikin 100 ga amai da bayan gidan mara lafiya, kashi 0.2 ga daɓe da tufafi da shimfiɗa, kashi 0.05 ga wanke hannu. A irin wannan rana, dagewa kan kayan gargajiya ganganci ne.

A lambu, sarkin maganin gida darbejiya ce, bishiyar da muke ɗauka tamu ce tun fil azal alhali baƙuwa ce. Asalinta Indiya da Bama, kuma a zamanin Turawa aka kawo ta, aka fara dasa ta a lardin Borno a 1928. Yawan sunayenta ma ya nuna yadda ta bazu: darbejiya, dogon yaro, maina, bedi. A Nijar da ita aka yi shingayen tare iska a kwarin Majiya tun daga 1975, kuma alhazai sun san inuwarta a filin Arfa. Wanda ya jawo hankalin masana na zamani gare ta wani Bajamushe ne, Heinrich Schmutterer, da ke aiki a Sudan a 1959 lokacin da farin ɗango suka sauka. Sun cinye komai, sun bar bishiyoyi tsirara, ban da darbejiya. Suna sauka a kanta amma ba sa ci. A 1968 masu bincike a Ingila suka ware sinadarin da ke yin wannan aiki, suka sa masa suna azadiraktin.

Yadda yake aiki shi ne inda yawancin manoma ke yanke masa hukuncin zalunci. Wanda ya saba da piya-piya yana so ya fesa ya ga ƙwaro ya faɗo yana shure-shure. Darbejiya ba ta yin haka. Da farko tana ɓata wa ƙwaro ɗanɗanon ganyen ya daina ci. Wanda ya riga ya ci kuma, sinadarin yana rikita masa girma. Tsutsa ba ta girma sai ta saɓule tsohuwar fatarta, to wannan saɓar ce take gagararta, sai ta maƙale a tsakani ta mutu bayan kwana uku ko biyar. Macen da ta tsira ba ta yin ƙwai da yawa. Mai lambu ya fesa yau, gobe ya leƙa ya ga tsutsar tana nan a kan kabeji, sai ya ce ƙarya ce. Da ya duba da kyau zai ga tana nan amma ba ta ƙara huda ko ɗaya ba.

Kuskure na biyu shi ne ganye. Shi kowa ke tsinka don shi ne a kusa, kuma ɗacinsa yana sa a ɗauka ƙarfin a can yake. Ƙarfin yana cikin ƙwayar 'ya'yan. Lokacin da suka nuna suka yi rawaya, jemagu da tsuntsaye suna tsotse naman su zubar da ƙwallon a gindin bishiya, kyauta, sai dai shara ta kwashe. Shi ake tsinta a wanke, a shanya a inuwa ya bushe sarai, a ajiye a buhun da iska ke ratsawa, don a leda yana yin fumfuna. Ranar da za a yi aiki, a daka shi sama-sama a sheƙe ɓawon, sannan a daka ƙwayar ta yi laushi. Rabin kilo na dakakkiyar ƙwaya a ruwa lita 10 shi ne ma'aunin da aka saba. A ƙulle a tsumma a jiƙa da yamma ya kwana, washegari a matse har ruwan ya yi fari kamar tsinkakken koko, a tace da kyau don kada ya toshe bakin injin feshi, a narka ɗan sabulu a ciki don ya kama ganye. Turmin da aka daka ta kuwa, kada uwargida ta gan shi kusa da kayan miyarta, don ɗacin ba ya fita da wuri.

Da yamma ake fesawa, saboda dalili biyu. Hasken rana yana lalata sinadarin cikin 'yan kwanaki, feshin tsakar rana kuwa tun bai fara aiki ba ya fara mutuwa. Sannan da yamma ƙudan zuma sun koma gida, su kuwa kabewa da kankana da kokwamba ba sa 'ya'ya sai da su. A juya bakin injin sama a jiƙa ƙarƙashin ganye, don can darɓa da farin ƙuda ke zama. Bayan kwana biyar zuwa bakwai a sake, in ruwan sama ya sauka a sake. Ruwan da ya rage ba ya ajiyuwa, kowane feshi da sabon jiƙonsa. A nan ne gaskiyar tsadar maganin gida take. Kuɗin da ba ka kashe a shago ba, da jikinka kake biyan sa: tsinta, daka, tata, da zagayen lambu kowace safiya kana ɗaga ganye. Ga mai kwami ashirin a bayan gida, ko mai shuka alayyahu da tumatir a buhuna, ciniki ne mai riba. Mai eka biyar a fadama sai ya yi lissafin leburori tukuna.

Ruwan sabulu kaɗai ma magani ne ga ƙwari masu taushin jiki, irin su darɓa. Yana lalata kitsen da ke rufe jikinsu su bushe, amma sai ya taɓa su, kuma da ya bushe aikinsa ya ƙare. A nan na taɓa yin aika-aika. Wata shekara darɓa ta kama mini barkono a bayan gida, ganyen duk ya nannaɗe yana danƙo, tururuwa na hawa da sauka. Na ji an ce sabulu, ban tsaya tambayar wane iri ba, na ɗebi garin wanki cike da hannu na kaɗa a bokiti, na fesa da rana tsaka don in gama in huta. Kafin la'asar ta washegari ganyen ya yi kamar an babbaka shi. Darɓar ta mutu, barkonon ma ya bi ta. Garin wanki an yi shi ne don ya cire maiƙo da ƙarfi, ganye kuwa shi ma da ɗan kitsen da ke kare shi daga rana. Sabulun salo ko sabulun wanki na sanda ake so, kamar cokali ɗaya ko biyu a lita, a gwada a kan shuka biyu a jira kwana biyu kafin a bi sauran.

Barkono da tafarnuwa, a ganina an fi ƙarfin yabonsu. Suna ɗan kore wasu ƙwari na kwana ɗaya ko biyu, yajin kuma yana sa akuya ta sake tunani, amma tsuntsu ko a jikinsa, don tsuntsaye ba sa jin yaji sam. Wanda ya fi shan wahalarsa mai feshin ne in iska ta juyo. Ga awaki, dabarar ƙauye ta dama kashinsu a ruwa a yayyafa wa dashe ta fi arha.

Toka ta sake dawowa a lambu. Ana barbaɗa ta da sassafe a kan kuɓewa da wake tun raɓa ba ta bushe ba, don ta manne ta hana ƙananan ƙwarin da ke huda ganye sakewa. Tun da tsutsar masara mai cin tsakiya ta bayyana a Najeriya a farkon 2016, wadda asalinta nahiyar Amurka ne, manoma da yawa suna zuba ɗan yashi da toka a cikin kunnen masara inda take ɓuya, kuma a ƙaramar gona yana rage ɓarna in an yi da wuri. Sai dai toka dangin kanwa ce a ƙasa ma. In ta yi yawa a wuri ɗaya tana sauya ƙasar har shuka ta kasa jan abincinta, kuma in aka haɗa ta da takin yuriya, ƙarfin takin iska yake bi.

Inda kayan gida ke durƙushewa shi ne ƙwaron da ke shigewa ciki. Masu tumatir a Kano da Kaduna da Katsina da Jigawa ba za su manta 2016 ba, shekarar da tsutsar da suka sa wa suna sharon ta cinye gonaki har gwamnatin Kaduna ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan tumatir. Tsutsar tana shiga tsakanin fatar ganye ta sama da ta ƙasa tana ci daga ciki, daga nan ta huda ɗan tumatirin. Sabulu da barkono ba sa kai mata. Darbejiya tana taimakawa in an fara tun ƙwarin ba su yi yawa ba, tare da tsinke ganyen da ya kamu a binne da kuma share gona bayan girbi. In ta riga ta mamaye, ko maganin kanti sau da yawa gagararsa take, don ta saba da iri-iri. Kuɗin cizo ma haka yake a cikin gida: ganyen darbejiya a ƙarƙashin katifa ba ya fitar da shi daga tsagar gado, tafasasshen ruwa da zafin rana ne ke kashe shi har ƙwansa. Hayaƙin ɓawon lemo yana korar sauro na ɗan lokaci, amma sauron zazzaɓi da tsakar dare yake cizo, lokacin da garwashin ya daɗe da mutuwa, shi ya sa bai maye gurbin gidan sauro ba.

Kalmar nan "ai na itace ne" ita ma tana buƙatar a taka mata birki. Ruwan taba da wasu ke jiƙawa su fesa yana kashe ƙwari ƙwarai, domin nikotin guba ce mai ƙarfi, kuma tana ratsa fatar mai feshin. Ba abin da za a fesa wa latas ko alayyahun da za a ci jibi ba ne. Magimfa da masunta ke zubawa a ruwa kifi ya taso, ƙarfin da ke kashe ƙwaro a lambu shi ne zai kashe kifin tafkin da ruwan ya gangara. Ruwan tumfafiya in ya shiga ido yana iya taɓa gani. 'Ya'yan bini-da-zugu da na zurman sun sha kwantar da yara. Ko man darbejiya da ake yabo, an samu jarirai a Indiya da Malesiya da suka shiga mawuyacin hali bayan an ba su shi a baki.

Wurin da dabarar gida ta yi nasarar da ba a musu shi ne ajiyar wake, kuma nan ne aka fi buƙatarta. Ƙwaron wake tun daga gona yake biyo shi. Tsutsar tana girma a cikin ƙwayar, ta fito ta bar huda, ta yi ƙwai a kan na kusa, cikin kamar wata guda wani zubin ya sake fitowa. Buhun da aka ɗaure lafiya a kaka, kafin bazara ya zama gari. Tsoron wannan asara ne ya sa wasu 'yan kasuwa ke zuba wa wake maganin feshi mai sinadarin dikulobos, wanda shi ne a cikin Sniper da piya-piya. A 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen wake daga Najeriya saboda shi. Iyakar da suka yarda da ita miligiram 0.01 ce a kilo, an kuwa samu wanda ya kai 4.6. Waken da Turai ta ƙi bai ɓace ba, mu muka ci irinsa a ƙosai da alala. A 2019 NAFDAC ta hana sayar da ƙananan kwalaben maganin a kasuwanni da kantuna.

Tsofaffi da toka suke ajiye waken iri. A tankaɗe ta, a cakuɗa mudu ɗaya na toka da mudu ɗaya na wake a tulu, a rufe saman da wata tokar. Ba ta kashe tsutsar da ke cikin ƙwaya, amma tana cike duk wata kafa, wanda ya fito ya rasa hanyar motsi balle ya sami mace. Ga mudu biyar ko goma ya yi, ga buhu hamsin kuwa ina za a samo tokar? Amsar ta fito daga wani abu mai sauƙi: ƙwaro ma numfashi yake yi. Masu bincike na Jami'ar Purdue ta Amurka da takwarorinsu a arewacin Kamaru suka gwada wannan tun ƙarshen shekarun 1980, daga baya ya zama buhun PICS da aka fara yaɗawa a Afirka ta Yamma a 2007. Leda biyu ce masu kauri, ɗaya cikin ɗaya, sannan buhun saƙa a waje, kowanne a matse iskarsa a ɗaure shi daban. Ƙwarin da ke ciki su suke shanye 'yar iskar da ta rage, su daina ci, su bushe su mutu. Babu magani ko ɗigo.

Uwargida mai mudu ashirin ba ta ma buƙatar buhun. Jarkar man girki da aka wanke ta bushe ta isa. A shanya waken ya bushe har in an ciza ya yi ƙara, a bari ya huce, a cika jarkar har wuya ana bubbuga gindinta a ƙasa don ya zauna, a sa leda a baki a murɗa murfin tam. Jarkar da aka bari rabi, rabin nan iska ce ta ciyar da ƙwari. Abin da ya fi ɓata aikin shi ne leƙe: a buɗe yau a ɗebi na alala, a buɗe jibi a ga ko yana nan lafiya, kowace buɗewa sabon numfashi ce gare su. A ware na ci a wani mazubi daban, ita kuwa jarkar a ɗora ta a kan katako nesa da bango inda ɓera ba zai kai ba, kada a taɓa murfinta sai ta yi aƙalla wata biyu.